Taken da Anka Ajiye

In ana lissafin wawaye tsakanin Wurno da Goronyo, a fara da ni kada a ɓata lokaci. Da furfurata da komi na taɓa bin gari gida-gida ina roƙon mutane su goge wani hoton kokowa daga wayoyinsu. A zatona waya kamar rumbu take, in ka kwashe abin da ke ciki ka share, magana ta ƙare. Karatuna dai bai wuce inda malam ya gaji da ni ba. Amma ba don kaina na yi wagga wauta ba.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara nike ce mishi bawana, shi ko ya ce ran da ya ga dama zai kai ni kasuwar Goronyo ya musanya da jaki, ko gurgu ne. Da ya girma ya zama ɗan kokowa. Lokacin an riga an yi dam, ruwa na bin kanal rani da damina, albasa ta sa hannun mutane ya jiƙe, sai kokowa ta tashi daga wasan bayan girbi ta koma sana'a. A kewaye fili da zana, a yanki tikiti, a sa babur ko bijimi. Ya ci da dama. Ni aikina riƙe mishi riga da cika baki a madadinshi.

Duk ɗan kokowar da ya isa yana da takenshi, kiɗan da makaɗinshi ya ƙaga mishi shi kaɗai. In anka buga shi, mutum ba ya shawara da kanshi, jiki ke amsawa. Tsuma ta kama shi, ido ya juye, ko loma ce a hannunshi sai ta faɗi. Shi ya sa a wajenmu wanda zai bar kokowa ba cewa kawai yake na bari ba. Goro da riga yake kai ma makaɗinshi, ya ce a ajiye mishi take. In makaɗi ya karɓa, hannunshi ba ya ƙara taɓa wanga kiɗa ko a biki ko a wasa, sauran makaɗa kuma ba su ɗauka.

Karawar taubashina ta ƙarshe da wani saurayi ce daga wajen Rabah, dogo, mai yawan murmushi. Taubashina ya sure shi sama ya kife. Fili ya ɗauki ihu, ni har na jefa hulata sama. Sai da ihu ya lafa munka lura saurayin bai tashi ba. A amalanke anka fitar da shi, kuma bai ga wata kakar ba.

Taubashina ya ƙone layunshi. Ya rantse gaban liman da mahaifiyarshi ƙafarshi ba ta ƙara taka filin kokowa. Ya kai goro da riga. Ya koma gonar albasarshi ta hanyar Kwargaba, ya zama mutumin sahun gaba a masallaci. Makaɗin ya riƙe amana har Allah ya karɓi abinshi.

Shekaru sun tafi. Babban ɗana ya sawo mini waya mai shafawa daga Sakkwato, ya jefa ni cikin wani zaure na masoya kokowa a intanet. Mutanen Nijar, mutanen Legas, har masu zama Makka, kowa na aiko murya yana gardama. Ni da ban iya rubutu da sauri ba, murya ta yi mini daidai, na zama babban mai sharhi.

Wata safiya ina shan koko na dangwala wani hoto mai motsi da anka turo, sai ganga ta tashi cikin tafin hannuna. Tsikar jikina ta tashi kafin kaina ya gane. Taken taubashina ne. Makaɗin nan da na ɗauki makararshi da kafaɗata, ga shi kuwa yana kiɗa, gumi na zuba. Ashe ran nan wani cikin 'yan kallo ya ɗauka da irin wayoyin farko. Hoton dishi-dishi, amma ga saurayin Rabah yana shigowa yana murmushi. Ga kaye. Ga hulata ta tashi sama a gefe. Daidai ihun nan hoton ke yankewa, sai ya koma farko da kanshi, saurayin ya sake shigowa yana murmushi.

Zauren ya kama wuta. Yaran da ba a yaye ba lokacin da anka yi wagga karawa su ne ke rantsuwa ba a taɓa kaye irinshi ba. Wanene wanga? Yana raye? Ina yake? Ba wanda ya tambayi labarin wanda anka kayar. Ni kuma da na san amsa, karon farko tun da na shiga zauren ban aika murya ba.

Ban gaya ma taubashina ba. Shi ba ya riƙon irin wayar, na ce ƙila abin ya wuce bai ji ba.

Ranar da ya ji, tsakar rana ce, muna gonarshi ana cire albasa. Masu saye sun zo da mota, suna zaune bakin kanal suna jiran a cika buhuna, ɗayansu na latsa waya. Taubashina na duƙe. Sai na ga bayanshi ya sandare. Ya miƙe a hankali, albasa ta zube daga hannunshi. Cinyarshi ta fara rawa. Ya duƙa ya dumbuzi ƙasa ya murza a tafi, yadda yakan yi in zai shiga, ya fara takawa cikin fangalan albasa yana tattaka abin da ya yi watanni yana ba ruwa. Ba wajen mai wayar ya nufa ba. Tsakiyar gona ya nufa, inda babu kowa, hannuwa a buɗe, yana kallon wani abu daidai tsawon mutum.

Na ruga na rungume shi ta baya. Ban san sadda ƙafafuna sunka bar ƙasa ba. Na ga sama, na ga kanal a ƙarƙashina, na ƙwala ihu, "Kai bawa, ni na! Ubangidanka na!"

Mai waya ya kashe. Taubashina ya sauke ni sannu kamar kwandon ƙwai. Ya dube ni, ya dubi hannuwanshi.

"Wa ya buga?"

Na ce waya ce.

"Ba waya nike tambaya ba. Hannun wa na?"

Na faɗa mishi. Ya zauna a kan kunyar gona ya ce, "To yanzu wa zan kai ma goro?"

Wagga tambaya ce ta tura ni yawon gida-gida. Na fara goge na wayata, na ji wani sanyi a rai kamar na kashe maciji. Na bi mai shayi, na bi masu babur, na bi 'yan lodin albasa. Wasu sunka goge don kunyar furfura, wasu sunka goge ina juya baya ganga ta tashi. Malamar asibitinmu, wata Kirista mutuniyar kudancin Kaduna da ke auna mini jini, ita ce ta tausaya mini. Ta goge a gabana, ta ce, "Baba, duba." Ta ɗan shafa, sai ga shi ya dawo, saurayin na murmushi. Ta ce abin ba cikin wayar yake zaune ba. Na ce to ina yake zaune in je? Ta ce babu inda za ni.

Ba a jima ba masu shirya kokowa sunka gano gidan taubashina. Wani mai babbar riga da baƙin tabarau ya zo da samari, kowa ya ɗaga waya saitin fuskar taubashina kamar masu haska rami. Ya ce duniya na son ganinshi. Ba kokowa zai yi ba, ya shigo fili kawai a buga mishi take ya ɗaga hannu.

Taubashina ya ce, "Alhaji, take an ajiye. Mai shi ya rasu."

Mutumin ya yi dariya. "Baba, mi za a yi da makaɗi? Muna da lasifika. Ko ka zo ko ba ka zo ba za mu sa shi, jama'a na so."

Ni na san abin da taubashina ke tsoro. In ƙafarshi ta kai shi filin nan, rantsuwa ta karye, kuma ba hannu zai ɗaga ba. Wanda ya samu a gabanshi shi zai sura.

Ranar wasan, bayan azahar, ya zo ƙofar gidana da igiyar jaki a kafaɗa. Na ce, "Af, yau za a kai ni Goronyo ke nan?" Bai yi dariya ba. Munka tafi can ƙarshen gonarshi, inda injin ban-ruwa yake. Ya ɗaure ƙafarshi guda ga kututturen bagaruwa, ya miƙo mini bakin igiyar in ƙulle ta inda hannunshi ba ya kai. Ya ce in tada inji don ƙararshi ta rufe kiɗan. Na tada, ƙara ta cika kunne, ruwa na ta malala cikin fangalan da ba su bukatarshi. Munka zauna kamar mahaukata biyu muna kallon ruwa.

Wajen la'asar inji ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare. Ni anka bar ma sawo mai, ni kuma na auna da ido.

Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinshi ba. Sai iska ta juyo daga gari, ta biyo kan ruwa da gangar mamacin, tar kamar a bayan bagaruwar yake tsaye. In ta kai ƙarshe sai ihun mutane ya tashi, na ranar nan da na yau a haɗe, sannan ta koma farko.

Taubashina ya miƙe. Igiya ta miƙe tare da shi. Ya ja har kututture ya yi ƙara, fatar idon sawunshi ta saluɓe. Ni ban san abin yi ba, sai na kama zaginshi, irin zagin taubasai tun na yarinta, na satar rake da na fitsarin kwance, da ƙarfi don in rufe kiɗan. Da zagi ya ƙare mini na koma salati. Can sai ya durƙusa, ya tura hannuwanshi biyu cikin laka har gwiwar hannu, ya riƙe ƙasa. Haka ya zauna jiki na ɓari har anka kira magariba a gari, anka kashe lasifika.

Bai je ba. Na kwance igiyar da haƙori don ƙullin ya ƙi hannu. Ya yi alwala a kanal, ya wanke jinin ƙafarshi, munka yi salla a kan buhu. Da munka sallame bai tashi ba. Yana duban wajen gari ya ce mini,

"Taubashi, ni na tuba. Amma wancan na cikin waya bai tuba ba, kullum sai ya kada yaron mutane. Ran da anka sa ni rami, ni za a tambaya ko shi?"

Ni da bakina bai taɓa rasa abin faɗi ba, na sunkuya na kama naɗe igiya.