Ranar da Baffa Ya Kama Sunana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da wata Alhamis a wata kotu a Dutse, shekarar da ake ta maganar shari'a a jiharmu.

Ina shekara ta biyu a kwaleji aka fitar da gurbin karatu a ƙasar waje, Masar ko Sudan. Abokaina duk suka ruga Masar, wai don a gan su a hoto da kwat. Ni da na tashi a bayan shanu a rugarmu ta wajen Kiyawa, na zaɓi Sudan, karatun likitan dabbobi. Na ci jarrabawa, na yi allurar rigakafi, har akwatin ƙarfe na saya. Saura takardar shekarun haihuwa, wadda ba a yin fasfo sai da ita. A ruga aka haife ni, ba ni da ita, don haka dole mahaifina, Baffa, ya je kotu ya rantse ni ɗansa ne, ya faɗi sunana. Ranar Alhamis ɗin nan kuma ake rufe karɓar takardu.

To, ni ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, abin kunya ne. Shekara ashirin da biyu Baffa "kai" yake ce min, in ba na nan kuma "wancan".

Da muka je kotu, alƙali ya ce, "Malam, yaya sunan yaron?"

Baffa ya ƙura wa sandarsa ido. "Allah gafarta Malam, ai yana rubuce a gabanka."

"Daga bakinka nake so."

"Ga kawunsa nan, ya sani."

"Kawunsa ne ya haife shi?"

Mutane suka fashe da dariya. Haushin Baffa ya kama ni, har na ce a raina ashe kunyarsa ta fi masa ni. Allah ya yafe min wannan tunani.

Can Baffa ya juya min baya, ya faɗa a hankali. Alƙali ya ce bai ji ba. Sai tsohon nan ya ɗaga kai ya faɗi sunana da ƙarfi, irin muryar da yake kiran shanu da ita, har na waje suka leƙo. Alƙali ya buga hatimi.

Da muka fito ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Kai, kai takardar kada su tashi." Na haye acaɓa ina dariya ina hawaye.

Na je Sudan, na dawo likita. An kira sunana a gaban taro ranar yaye mu, amma daɗinsa bai kai na kotun nan ba. A nan na gane shirun uba ba rashin so ba ne. Har Baffa ya rasu bai sake kama sunana ba, ni ma ban nema ba, wannan sau ɗayan ya ishe ni.