Murhun da Kumai Ya Gina Sau Biyu

Kumai ba mutum ne da ake so ba, shi ma bai taɓa neman a so shi ba. Maƙeri ne a wani ƙauye da ke gindin dutse, tafiyar awa guda a ƙafa daga Godogodo. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsu uku ne suka rage a hannunsa na hagu. In ka kai masa gyaran garma, sai ya gama zagin yadda kake riƙe ta kafin ya dubi inda ta karye. Ni sunana Mildred, 'yar Samaru Kataf ce, na tsufa ina koyarwa a firamare. Kwana goma sha tara na yi a hannun mutumin nan a shekarar 1976, ban ji kalma ɗaya mai daɗi daga bakinsa ba.

Mahaifinsa mai narka tama ne, wato baƙin dutsen nan da ake tsinta a bakin rafi a dafa shi har ƙarfe ya fito. Kumai ya tashi a gindin murhu, yana zuga, yana ɗauko gawayi. Da ya kai shekara ashirin sana'ar ta riga ta mutu, domin jirgin ƙasa ya cika Kafanchan da tsofaffin ƙarafa, ba wanda zai yi mako uku yana wahala a kan abin da zai tsinta a bayan tasha. Sai ya tafi haƙar kuza, ya yi shekara tara, wani inji ya cinye masa yatsu biyu, ya dawo gida ya kafa maƙera yana ƙera fartanya da sifirin mota.

Ƙanensa Bartholomew shi ya shiga makarantar mishan, ya zama dattijon ikilisiya. Kumai ma ya yi baftisma, har yana cikin masu waƙa. Amma shekarar da mahaifinsu ya rasu, Bartholomew ya jawo samarin majami'a suka rushe tsohon murhun da ke bayan gida, wai wurin tsafi ne da ake yanka zakara. Daga ranar Kumai bai sake taka majami'a ba. Ya raba gidan ubansu gida biyu da shingen kerana, shekara ashirin ba gaisuwa, ba kwanon tuwo ya ƙetare.

Wanda ya tono maganar shi ne Malam Silvanus, mai koya mana aikin hannu a makarantar horon malamai a Kafanchan. A lokacin ana ta ɗibar mu a gurguje don sababbin makarantun da gwamnati za ta buɗe. Abin da muke yi a ajinsa bai wuce tsintsiya da igiya ba, kuma abin yana cin ransa. Ya ji labarin akwai tsoho ɗaya da ya rage wanda ya san narka tama, sai ya hau kekensa ya je. Kumai ya kore shi. Ya koma, ya sake korarsa, har da watsa masa ruwan da ake tsoma ƙarfe. A zuwa na uku Malam Silvanus bai roƙe shi ba. Ya tsaya a bakin maƙera ya ce, "Baba, na zo ba ka haƙuri ne. Dattijo Bartholomew ya gaya mini ashe ba ka iya ba. Ya ce gawayi kawai kake ɗauko wa babanku."

Kumai ya ajiye masaba. "Shi ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"Kawo yaran naka."

Haka muka tafi a hutun Ista, mu goma sha huɗu, maza goma sha ɗaya da mata uku, aka sauke mu a ajin firamaren ƙauyen. Kumai ya fito ya dube mu da fararen takalmanmu ya tofar da yawu. Ya sa kowa ya miƙo tafin hannu, ya bi yana taɓawa. Ya ce bai taɓa ganin hannuwa marasa amfani da yawa haka a wuri ɗaya ba. Da ya iso kanmu mata sai ya ja baya. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne.

"Kai, kai, da kai. Ba za ku zo kusa da murhu ba. Mace ta tsaya kusa, tama ba zai narke ba."

Na ce, "Baba, mu ma koyo muka zo."

"Koyi tafiya can gindin mangwaro."

Can ya ajiye mu, taku hamsin daga wurin aiki, ya ba mu ginin bututun yumɓu da iska ke bi ta shiga wuta. Uwata maginiyar tukwane ce, na san yadda ake haɗa yumɓu da garin tsohon kasko don kada ya tsage. Nawa guda shida suka bushe lafiya, na sauran suka rabe. Ya zo ya ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da farce, ya kwashe, ko kallona bai yi ba.

Maza kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Ya sa su sare kirya su ƙona gawayi, su fasa suri su kwaɓa ƙasarsa da ƙafa, su bi rafi da kwando suna tsintar tama. Ba ya bayani. In ka kawo dutsen da ba shi ba ne, sai ya jefe ka da shi. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Hannunka ba ya jin nauyi?" Wanda ya fi shan zagi shi ne Obiora, ɗan wani ma'aikacin jirgi da iyayensa suka dawo Kafanchan bayan yaƙin basasa. Kumai na ce masa ƙarfen jirgin ubansa ne ya kashe sana'ar nan. Obiora sai dai ya ci gaba da aikinsa. Amma shi ne ya fara gane tama da nauyinta ba tare da an gaya masa ba. A kwana na takwas murhu ya tsaya, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ciki a buɗe, baki a tsuke.

A nan rigima ta taso. Kumai ya ce sai an yanka jan zakara a kansa. Malam Silvanus ya ce ya yi wa Fasto alkawari ba za a yanka kome ba. Suka yi ta sa-in-sa a gabanmu, kuma maganar ta fita gari. Ran Lahadi muna zaune a majami'a, Dattijo Bartholomew ya miƙe lokacin sanarwa ya ce an kawo baƙi su farfaɗo da abin da bishara ta binne. Ya ce duk ɗan ikilisiyar da ya ba mu ruwa ko hatsi za a sa shi ƙarƙashin horon majami'a. Mutanen da ke kan bencinmu suka matsa gefe. Da yamma muka je rijiya, matan suka naɗe gugarsu suka tafi da ita. Daga ranar sai rafi.

Da safen Litinin muka tarar an rushe murhun. An bi bututuna da ƙafa an murƙushe, an watsa gawayi cikin ciyawa. Kumai ya tsaya yana kallo. Sai ya juya ya nufi gida, muka bi shi a baya don muna tsoron abin da zai yi. Ya tsaya a bakin shingen kerana ya ƙwala kiran ƙanensa. Bartholomew ya fito da tabarau a hannu, dogo, siriri, ba alamar tsoro.

"Kai ka aiko su," in ji Kumai.

"Ban aiki kowa ba, Yaya. Amma ban yi baƙin ciki ba."

"Sau biyu ke nan kana fasa murhun ubanka. Da wane ƙarfe aka yi noman da ka ci ka girma? Da littafi?"

"Na tuna abin da na ci," in ji Bartholomew, muryarsa ta ɗaga. "Na kuma tuna ranar da tama ta ƙi narkewa, Baba ya ce Mama ce ta wuce ta wurin da tulu. Ya ɗaure ta a jikin rumbu ya yi mata duka da igiyar zuga-zugi har kunnenta ya toshe. Ina da shekara shida, ina riƙe da zaninta. Kai kana ina, Yaya? Kana tsaye kana riƙe masa fitila? A'a, rana ce tsaka. Kana tsaye kana kallo!"

Can Kumai ya ce, "Gawayin ne ya jiƙe a ranar. Ni na bar shi a waje."

"Ka faɗa a lokacin?"

Bartholomew ya sa tabaransa ya koma ɗaki.

A ranar mutum shida cikinmu suka ɗaure akwatinsu suka tafi, wasu don tsoron horo, wasu don sun gaji da zagi. Malam Silvanus ya ce mu ma mu haƙura, ga gajimare ya fara haɗuwa. Muna cikin wannan shawara sai ga Kumai da kwando a ka. Ya jefar da shi a gabana.

"Kai. Bututu shida. Ka gama, ka zo ka taka ƙasa."

Na ce, "A kusa da murhu?"

"Hannuwa ne ba su ishe ni ba. Kada ka ɗauka ina so ne."

Kwana biyar muka yi muka sake ginawa, mu takwas, muna gadinsa bi da bi. Bai sake ta da maganar zakara ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Zagin dai bai ragu ba. Ya ce ƙafafuna kamar na agwagwa, ya ce Obiora na zuga kamar mai asma.

Ranar hura wuta muka fara da sassafe. Gawayi kwando ɗaya, tama rabin kwando, haka yake ta zubawa daga sama. Mu kuma muna karɓa-karɓa a zuga-zugin fatar akuya, biyu biyu. Kafin rana ta take kafaɗuna sun mutu, tafin hannuna ya saɓule. Duk wanda ya yi sanyi sai ya ji sanda a ƙwauri. Mutanen gari sun taru daga nesa, suna kallo, wata tsohuwa tana ta yi mana tsaki. Wajen la'asar harshen wutar ya sauya launi, ya yi shuɗi-shuɗi. Kumai ya durƙusa ya huda gindin murhu da tsinken ƙarfe, kashin tama, wato dattin da ke rabuwa da ƙarfe, ya malalo ja wur kamar kunu. Sai ya fasa ƙofar ya sa awartaki ya jawo wani dunƙule mai tartsatsi. Ya ɗora a kan dutse ya buga masa masaba. Bai farfashe ba, ya lotsa.

Obiora ya yi ihu, ni kuwa na zauna a ƙasa ina kuka ban san dalili ba. Kumai ya juya dunƙulen, girmansa bai wuce dunƙulen hannu biyu ba. Ya ce, "Na babana yana kai girman kan mutum. Wannan abin kunya ne."

Malam Silvanus ya so ya kai shi makaranta a ajiye a kabad ɗin gilashi. Kumai ya ce ƙarfe ba hoto ba ne. Kwana biyu ya yi yana dukansa, ya fitar da 'yar fartanya ɗaya, ya ba wata gwauruwa mai noman citta wadda ta riƙa kawo mana ruwa a ɓoye. An sa ta ƙarƙashin horo na wata uku. Malam Silvanus kuma aka kai ƙararsa, shekara ta gaba aka mai da shi wata makaranta can wajen Manchok.

Duk da haka Kumai ya sake koyarwa sau biyu, don Obiora ya ci gaba da kawo masa abokai a lokacin hutu. Sau ɗaya ƙarfe ya fito, sau ɗaya ruwan sama ya kashe wutar. A ƙarshen 1979 na ji ba shi da lafiya, tari ya kama shi, sai na hau motar kasuwa na je da ƙullin acca. Na same shi a kwance a bakin maƙera, ya rame ƙwarai. Ya dube ni ya ce na yi ƙiba, aikin alli ba aiki ba ne. Na gaya masa ina so in gina murhu da 'yan ajina, na roƙe shi ya maimaita mini awon gawayi da tama.

Ya maimaita. Sannan ya ce, "Akwai abu ɗaya da ban nuna muku ba."

"Mene ne, Baba?"

"Na maƙera ne. Kai malamin makaranta ne."

Na zauna har rana ta yi sanyi ina lallashinsa, ya juya mini baya. Bayan mako uku ya rasu. An yi gardama a kan inda za a binne shi, aka ƙare aka sa shi a bayan maƙerarsa, ba waƙa.

Na gina murhun a shekara ta gaba da 'yan aji shida da iyayensu maza biyu. Mun bi duk abin da na gani da idona, muka zuga tun safe har yamma. Da muka fasa, kashin tama kawai muka samu. Na rubuta wa Obiora wasiƙa na tambaye shi ko ya san abin da tsohon ya ɓoye. Ya amsa mini daga Enugu cewa shi ma haka tsohon ya gaya masa, kuma a ganinsa ba abin da ya ɓoye, iskarmu ce ba ta isa ba. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba.