Subiyar da ta kwana uku

Jiya tsamin wani kunu da ya kwana ya bugi hancina, sai na tuna gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka a shekarun 1960, lokacin da Goggo, yayar mahaifina, ta fara koya mini haɗa subiya, abin shan azumin mutanen Makka. Muka jiƙa sha'ir, muka tace, muka rufe tulun da farin ƙyalle.

Ta ce, "Kwana biyu, 'yar nan. Kada ki bari ta kai uku."

Ni kuwa ina son sauraron kumfar tana tashi kamar mai raɗa, sai na ƙara mata kwana. Da Goggo ta buɗe tulun, sai ta sansana, ta ce:

"Wannan ai giya ce! A Makka? Ga shi ba mu da iƙama, takardar izinin zama. In maƙwabta suka ji warin nan, korar mu za a yi!"

Ta tuttular a rami, ta bi da toka, tana kuka. Na yi fushi, ban ba ta haƙuri ba, kuma har yau abin yana cina. Allah Ya gafarta mata, Ya shayar da ita ruwan Alkausara.

Sai shekaru bayan rasuwarta na ji cewa burukutu take dafawa a ƙauyensu, kafin ta tuba ta taho Makka a ƙafa.