Ranar da Na Cire wa Sajan Ƙaya a Wuya

Shekarun baya can, lokacin farin da ya ƙarar mana da shanu, ana mulkin soja, na zama tela a Yamai ba don na iya ba. Ranar da abin nan ya faru kwanana tara kacal da ɗora keken ɗinki a ka, kuma ko wandon yaro ban iya yankawa ba.

Daga wani ƙauye na jihar Tawa muka zo, ni da matata da 'yarmu mai wata bakwai. Kafin mu taso mun yi wata uku ƙarangiya muke ci. 'Yan birni sun san ta da maƙale wa mutum a ƙafar wando, mu kuwa sharo ta muke a daji, a daka, a fitar da 'yan ƙwayoyin cikinta a yi abinci. Wani Bazabarme mai garka, wato lambu, a unguwar Gudal ya ba mu bukka a gefen shukarsa, Allah Ya saka masa. Abokina kuma, ɗan garinmu, tela na gaske a unguwar Kalle, ya ara mini tsohon kekensa, ya koya mini bin layi da yin faci.

"Ka yi ta yawo kana kaɗa almakashi," in ji shi. "Faci ka karɓa, abin da ya ɓarke ka karɓa. Amma in an miƙo maka zif, ka ce sauri kake. Kai da ka tashi cikin taguwa, ina ka san zif?"

A lokacin gari ya cika da irinmu, sai aka ba soja umarni: duk baƙon da ba shi da sana'a a zuba shi a kamyo, babbar motar kaya, a maida shi garinsu. Ran nan da hantsi ina ratsa unguwar Mawre, ina kaɗa almakashina da ƙarfi kamar wani gwani, sai na sha kwana na faɗa tsakiyarsu. Kamyo biyu, an riga an cika ɗaya. Aka tambaye ni takarda, ba ni da ko guntuwa. Wani soja ya sauke keken daga kaina, ya tura ni layi.

Wallahi ba komawa ƙauyen ne ya fi tayar mini da hankali ba. Matata ce. Ba ta jin Zabarmanci, ba ta san hanyar Kalle ba, hatsin da na bar mata bai wuce na kwana biyu ba. In motar nan ta tashi da ni, ba wanda zai je ya gaya mata inda na shiga. Za ta yi ta zama bakin garka da yarinya a baya tana duban hanya.

Mai ba da umarnin wani sajan ne, ƙato, baƙi, mai tsagar Gobirawa. Lokacin ƙarshen sanyi ne, safiya ɗari, rana ta ɗaga kuma ta gasa mutum. Kowane soja ya tuɓe buluzon ɗinsa, rigar sanyin nan mai zif, ya rataya a mota, ban da shi. Nasa a rufe yake har maƙogwaro, gumi na tsiyaya daga haɓarsa, yana tsawa yana fizgar wuyan rigar. Ashe zif ɗin ne ya cije tun safe, sojoji huɗu sun ja sun kasa. Na ji wani ƙaramin soja ya ce, "Shef, a kawo wuƙa mana." Sajan ya daka masa tsawa, ya ce kayan gwamnati ne, in aka yanka shi zai amsa tambaya a bariki.

Da layi ya zo kaina na ce, "Ranka ya daɗe, ni ina da sana'a. Tela ne ni."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi faso a dugadugaina. "Kowa tela ne yau. Jiya ma mun kama mai keke, ashe ko zare bai iya sawa ba." Sai ya ɗaga haɓa ya nuna wuyansa. "To, tela. Buɗe wannan. Ka buɗe, ka tafi. Ka yaga, kai ne a gaban mota."

Na matsa. A rayuwata ban taɓa kusantar soja haka ba, har ina jin warin albasar da ya ci da safe. Na kama ɗan ƙarfen zif ɗin na ja ƙasa, ko motsi. Na ja sama, sai fatar wuyansa ta shiga, ya ce "Kai!" da ƙarfi. Mutanen cikin kamyo suka zuba mana ido. A raina na ce shi ke nan, yau ƙaryata ta ƙare a gaban jama'a.

Sai na daina ja, na tsaya na duba kawai, tunda ja ya gagari sojoji huɗu kafin ni. Na juya bakin rigar ta ciki. Shafin cikin ya shige bakin ƙarfen ya dunƙule, kuma a tsakiyar dunƙulen na ga wani ɗan abu ruwan toka mai gashi-gashi. Na taɓa da yatsa, ya soke ni. Jama'a, daɗin da na ji da sukar nan! Ƙarangiya ce. Zif ban san shi ba, amma wannan tsohuwar abokiyar zamana ce.

Na ce, "Shef, daji ka je kwanan nan?"

Ya ce shekaranjiya suka dawo daga rakiyar motocin hatsi, sun kwana a ƙasa.

Na zaro matsefata daga wuyana. Ɗan ƙarfen cire ƙaya ne da kowane mutumin karkara ke ratayawa a igiyar fata, mahaifina ya ba ni shi tun ina kiwo. Ita ƙarangiya ba a fizgar ta, in ka fizga ƙayoyin karyewa suke su zauna. Na jiƙa yatsa da miyau na dangwala mata don ta yi laushi, sajan ya harare ni, na yi kamar ban gani ba. Na shiga zare ƙayar ɗaya bayan ɗaya, ina ajiyewa a tafin hannunsa don ya gani da idonsa. Da dunƙulen ya saki na lallaɓa shafin ya fito, bai yage ba. Na ɗauko guntun sabulun da nake zana layi da shi a kan yadi, na goga wa haƙoran zif ɗin. Na yi bismilla na ja.

Zuuu, har cibiya!

Sajan ya ja wani dogon numfashi, ya fifita ƙirjinsa da hula. Sannan ya ja zif ɗin sama, ya ja ƙasa, ya sake ja sama, yana murmushi kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. Sojoji suka fashe da dariya, har mutanen cikin mota. Ya ce, "Wannan tela ne. Ku ba shi kekensa." Wani ya ɗora mini a ka da hannunsa, wani ya cusa mini burodi da gwangwanin kifi a aljihu. Ban tsaya godiya mai tsawo ba, kada a tuna da wando a miƙo mini.

Daga Mawre har Gudal ban sauke keken ba ko sau ɗaya. Tun daga nesa na hango matata a bakin garka, goye da yarinya, ta dafa kai. Labari ya riga ni zuwa, matar mai garka ta nuna mata da hannu cewa an kwashe mutane a gari.

"Malam, ba su kama ka ba?"

"Sun kama. Sajan da kansa ya sallame ni."

"Kai? Me ka yi masa?"

"Ƙaya na cire masa a wuya."

Ta kalle ni, ta kalli burodin da ke leƙe daga aljihuna, sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta juye kuka, ta durƙusa a wurin. Ni ma na sauke keken na zauna kusa da ita.

Nakan tuna mutanen da motar ta tafi da su, ban fi su komai ba, kuma ban san yadda suka ƙare ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya cika da alfahari. Abin da nake jin kunyar a sani, cewa yunwa ta sa mun ci ciyawa, shi ya tsaya mini a gaban soja. Daga baya na koyi ɗinki sosai, na yi wa manyan mutane riguna na gani na faɗa. Babu ɗaya cikinsu da nake alfahari da ita kamar aikin minti goman nan, don shi ya sa ranar na ci burodi a bukka ɗaya da matata da 'yata.