Gayyar da Ta Cinye Mini Shekara

Zan iya manta ranar da aka miƙo mini takardar digirina, amma ban da ranar da aka yi mini gayya a gonar waken suya. Har yau in na jiyo gangar noma daga nesa sai gabana ya faɗi.

Lokacin ina ajin ƙarshe a wata jami'ar fasaha ta gwamnati, sashen aikin gona. A irin jami'armu hadda ba ta fitar da mutum. Sai ka yi bincike da hannunka, ka auna, ka rubuta, ka tsaya gaban malamai ka kare shi. Wanda bai kawo nasa ba maimaita shekara zai yi, ko da ya cinye duk sauran jarrabawa. A shekarar, yajin aikin malamai ya kama mu daidai faɗuwar damina. Malamin da ke duba aikina ya ce tunda ni 'yar manoma ce, in je gida in yi gwajina a can kada damina ta wuce ni.

Babana ya yankar mini wani gefe a gonarsa da ke bayan Tsiga. Na raba shi yanki goma sha biyu, na kafa turaku na ɗaura musu ƙyallaye kala-kala. Wani yankin na zuba takin gida, wani na zamani, wani na haɗa su, wani ban sa komai ba. Abin da nake jira kawai ranar girbi, in cire kowane yanki daban, in sussuke shi daban, in ɗora a sikeli. Na sha rana, na yi baƙi har Innata tana ce mini gawayi. Saura 'yan makonni wake ya nuna aka janye yajin aiki, dole na koma makaranta.

Ranar da na taho girbi, da sikelin sashenmu a jaka, na sauka tashar Funtua da hantsi, na kira Inna in ce mata na kusa.

"Albishirinki," in ji ta.

"Goro."

"Babanki ya hutar da ke. Waken ya bushe har ya fara fashewa, shi ne ya kira gayya. Tun sassafe suke can, mu ma yanzu muka ɗora tuwo."

Na ce, "Inna, cirewa suke yi? Duka?"

"To da rabi za su cire?"

Na ce ta ba Baba waya, ta ce ga ta nan a ɗaki ya bar ta. Na ce ta tura a tsayar da su. Ta ce ita dai ba da ita ba, mutane sun bar gonakinsu sun zo maka aiki, ka aika a ce su dakata, wane irin abin kunya ne wannan.

Ban jira mota ta cika ba, na haye acaɓa. Muna wuce Bakori ina ce wa mutumin ya ƙara wuta, har ya gaji ya ce, "Hajiya, in ke kin matsu ki mutu, ni ban matsu ba." A bayansa lissafi kawai nake yi: mutum nawa, tun yaushe, yanki nawa za su iya cirewa kafin azahar. Kowane lissafi na yi, faɗuwa nake.

Tun daga bakin hanya na jiyo ganga. Na ruga cikin kara, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi. Da na ɓullo, maza sun fi ashirin a jere, sun duƙa suna tumɓuka, makaɗi na zuga su. A tsakiyar gona ga wake an tara shi tsibi guda, ya kusa tsawona. Turakuna kuwa an tattara su gefe an ɗaure kamar itacen girki. Yanki uku kacal suka rage a tsaye.

"Ku dakata!" Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ganga ta yi shiru, kowa ya miƙe yana kallona. Ni dama tun ina ƙarama bakina ya fi hankalina sauri. Na ce wa ya sa su, na ce sun kashe ni, na ce abin da mutum bai sani ba ai sai ya bar shi. A cikinsu akwai ƙanen Babana, akwai limamin unguwarmu, akwai wani dattijo Bamaguje maƙwabcin gonarmu da ya tako tun daga ƙauyensu. Ƙanen Baban nawa ya karkaɗe hannunsa ya juya baya.

Baba ya tako a hankali, gumi ya jiƙa masa riga. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, fashewa yake yi. Da na bar shi kwana uku, ƙasa za ki auna."

"Baba, turakun fa? Ba ka ga turakun ba?"

"Na gani. Ranar shuka ma na tambaye ki na mene ne, kika ce abin boko ne, ba zan gane ba. Sai na ɗauka na korar tsuntsaye ne."

Haka kuwa aka yi. Na faɗi maganar, ina sauri, ko ɗago kai ban yi ba. Ga shi yanzu na tsinka shi a gaban mutanen da ya roƙa suka zo don ni. Kunyar da na ji ta fi baƙin cikin waken.

Da aka kawo tuwo, 'yan kaɗan ne suka zauna ci.

Da yamma wata ƙawata ta ce in auna ukun da suka rage, sauran in tsara lambobi, wa zai zo Tsiga ya duba. Ba zan yi ƙarya ba, har na ɗauki biro. Sai na ga in na yi haka na ɗora ƙarya a kan rashin kunya, na kira malamina na faɗa masa komai. Ya ce yanki uku ba su isa bincike ba, sai damina mai zuwa. Ina ji ina gani 'yan ajinmu suka tafi bautar ƙasa suna turo mini hotuna. Ni kuwa na bi gida-gida ina durƙusawa ina ba da haƙuri.

Da damina ta dawo, kafin in kafa turke ko ɗaya na zauna da Baba a gindin ɗorawa na zana masa komai a ƙasa. Kafin ya shanye furar da ke hannunsa ya gane, har ya ce kada in sa yankin da ba taki a gangare, ruwa zai wanko masa na sama. Ni da malamina ba wanda ya hango wannan.

Yau ni malamar gona ce, kuma ba na taka gonar kowa sai na zauna da mai ita mun fahimci juna. Na koyi cewa ba gayya ce ta cinye mini shekara ba. Bayanin minti goma ne na raina mahaifina na hana shi.