Kwanon da ke Ƙarƙashin Gadon Mma

Ni 'yar fari ce, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Mma muke ce mata. Ƙannena tana kiransu da sunayensu, har kirari take yi musu in sun yi abin kirki. Ni kuwa "Ke" ce, in da baƙi kuma "wannan yarinyar". Haka kakata ta yi wa nata ɗan farin, haka aka gada tun kafin kakanninmu su sauko Kumasi fataucin goro su zauna a unguwar Akwatialine. Abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da nake ajin ƙarshe a sakandare.

A shekarar ne malaminmu na lissafi ya saka ni a wani shiri da ke taimaka wa 'ya'yan talakawa neman manyan jami'o'in ƙasar waje, irin waɗanda duniya duka ke rububinsu, su kuma su tsinci 'yan kaɗan. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce sakamakona yana da kyau, amma duk wanda zai nema nasa ma yana da kyau. Abin da zai raba mu shi ne takardar shaidar da shugabar shirin za ta rubuta, kuma ba kowa take rubuta wa ba. Kafin ta yanke shawara sai ta je gidan ɗalibi ta ji daga bakin iyaye.

Daga ranar na rasa sukuni. In na zauna sai in tashi, in na tashi ban san abin da na tashi yi ba. Sai in ɗauki waya ina karanta labaran waɗanda jami'o'in nan suka ɗauka: wannan ta kafa ƙungiya, wancan ya ƙera na'urar tace ruwa. Ni me na ƙera? Ƙullun koko nake tacewa da asuba, don Mma koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Babanmu direban babbar mota ne, yana can hanyar Wagadugu, ba a sa ran dawowarsa a makon. Ke nan duk abin yana hannun matar da ba ta ko kiran sunana.

Na yi ƙoƙarin shirya ta. Na ce, "Mma, don Allah in matar nan ta tambaye ki, ki faɗi ko abu ɗaya mai kyau a kaina."

Ta ce, "Ke, miƙo mini rariya."

Ran Asabar da hantsi shugabar ta zo. 'Yar Asante ce, doguwa, da tabarau da ɗan littafi a hannu. Madam kowa ke ce mata. Mma ta share tsakar gida tas, ta kawo mata koko mai zafi, suka gaisa da yaren Asante, don Mma ta iya shi sosai. Ni ina tsaye jikin ƙofa.

Madam ta kira ta Maame, wato uwa a yarensu, ta ce, "Ba ni labarin 'yarki. Wace irin yarinya ce?"

Mma ta kau da kai, ta dubi bango. "Wannan? Tana nan dai."

"Tana da ƙoƙari a karatu?"

"Haka suke cewa. Ni barci na san ta iya, da tsiwa."

"In aka ɗauke ta, ya za ki ji?"

"Duk ɗaya ne."

Madam ta rubuta wani abu. Wallahi ina jin ƙarar alƙalamin a cikin haƙorana. Ana haka ƙanwata ta shigo daga ɗiban ruwa, sai ga fuskar Mma ta washe. Ta kira ta da suna, ta ce wannan ce mai kai, wannan ce mai hankali. Yarinyar da ko jadawalin lissafi na sau bakwai ba ta gama haddacewa ba. Madam ta sake rubutu, ta rufe littafin, ta yi godiya ta tafi.

Ban san lokacin da na fashe ba. A gaban duk matan gidan hayar da muke zaune na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce ta kashe ni da bakinta. Na ce in ba ta sona ta faɗa kawai, ta daina fakewa da al'ada. Mma ta ci gaba da wanke ƙwaryar koko, ƙwarya ɗaya ta yi ta wankewa har na gaji na shige ɗaki.

Ran Litinin malamin lissafi ya kira ni gefe. Ya ce Madam ta damu. Sun taɓa wahala da ɗalibin da iyayensa suka hana tafiya bayan an gama komai, ba ta son ta sake ɓata takarda a gidan da ba a goyon bayan yarinya. Ran Juma'a za ta fitar da sunayen waɗanda za ta rubuta wa. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari, ya ce shi ya gane, amma abin da Madam ta ji da kunnenta shi ta ji. Kwana uku na yi ina shiga aji ina fita, ban riƙe kalma ɗaya ba. A gida na daina yi wa Mma magana, sai dai na faɗa wa maƙwabciyarmu komai da ƙarfi, yadda za ta ji daga kicin.

Ran Alhamis, ina shirin makaranta, na ga Mma ta tashi kasuwa da wuri. Ta ɗaura atamfar da take zuwa biki da ita, ta yafa mayafi, ga wani ƙunshi a hannunta.

"Ke, kin san ofishin matar nan?"

Na ce yana unguwar Kwadaso.

"Wuce mu je."

A cikin mota ta ɗora ƙunshin a cinya ta riƙe da hannu biyu. Daga siffarsa na gane kwano ne. Raina ya ƙara ɓaci, na ɗauka ƙosai za ta kai a matsayin ban haƙuri. Na ce, "Mma, ba a kai wa irin waɗannan mutane abinci, kunya kawai za ki ƙara ba ni." Ta dubi taga. Cunkoso ya riƙe mu a hanya, ni kuwa ina ta murza gefen hijabina, ina tsara yadda zan gudu in ta buɗe kwanon.

Madam ta yi mamakin ganinmu, amma ta ba mu kujera. Mma ta kwance ƙunshin. Kwanon aurenta ne mai fure, wanda ke ƙarƙashin gadonta, wanda tun muna yara aka hana mu taɓawa. Ta ɗaga murfin. Takardun sakamakona ne, tun daga aji ɗaya na firamare, a jere, kowace a cikin leda. Har da wadda na yayyaga na jefa a shara a aji biyar saboda na zo ta uku. An haɗa ta, an liƙe ta da ƙullun koko a kan kwali.

Mma ta tura kwanon gaban Madam ta ce, "A wurinmu uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta kiran sunansa. Kunya ce, kuma muna tsoron baki. Abin da na faɗa miki ran Asabar, ki goge shi. Waɗannan malamai suka rubuta, ba ni ba, don haka babu laifi ki karanta."

Madam ta daɗe tana juya takardun. Can ta ce, "Kina iya karanta su?"

"Ban yi boko ba."

"To ya kike bambanta nata da na ƙannenta?"

Mma ta jawo ɗaya, ta ɗora yatsa daidai kan sunana. Ta jawo wata, inda sunan yake can ƙasa da wani rubutun hannu dabam, ta sake samo shi. Ta ce, "Wannan na san shi."

Ni dai na sunkuyar da kai, don kunyar abin da na faɗa mata ta rufe ni, kuma hawaye sun riga sun zubo.

Madam ta ce, "In aka ɗauke ta, za ki bar ta ta tafi?"

"Da ba zan bari ba, da ina bakin titi yanzu ina sayar da kokona."

Madam ta rubuta takardar. Bayan haka watanni na yi ina duba waya kamar mai jiran haihuwa. Amsoshi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, duk na ban haƙuri. Ta ƙarshe ce ta ce in zo.

Na je shagon kwamfuta aka buga mini ita a takarda, na sami Mma tana suyar ƙosai. Na ce, "Mma, sun ɗauke ni." Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta bi layukan da yatsa har ta tsaya inda ta sani. Ta daɗe ba ta ɗaga yatsan ba.

Sannan ta ce, "Ke, ɗauko mini kwanon."