Shekara Ashirin da Biyu a Kan Ruwa, Maiwada Bai Iya Iyo Ba

Maiwada ɗan gwaggona ne, taubashina, don haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ne gare ni. In ya ji haushi, ya kai ƙara wurin kakannin da suka bar mana wasan.

A unguwar Adjamé aka haife shi, bayan babbar tasha, gidan da motocin Yamai da Bamako ke yi mana turaren hayaƙi kyauta. Babansa dillalin shanu ne. Kowa ya ɗauka shi zai gaji sandar, sai ranar da aka fara kai shi mayanka ya ga jini, ya zube kamar buhun gero. Mahauta huɗu suka ciccibe shi. Wallahi bijimin da aka yanka ya fi shi motsi a ranar. Daga nan aka san abincinsa ba a nama yake ba.

Akwai wani dattijo mai sayen nama wurin babansa, kowa Papa yake ce masa. Yana da jiragen ruwa uku masu ɗiban mutane daga tashar ruwa ta Treichville zuwa ƙetaren lagun, babban ruwan nan da ya raba birnin. Shi ya ɗauki Maiwada aikin igiya: in jirgi ya iso gaɓa ya jefa igiya, ya ɗaure a turke, ya riƙe hannun tsofaffi da masu goyo su sauka. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan. Da igiyar ya auri Sailuba, da ita ya sa 'ya'ya huɗu makaranta. Kuma ya iya. Ka kafa allura a unguwar Plateau, can ƙetaren ruwa, Maiwada zai zarge ta daga Treichville.

Abu ɗaya ne: bai iya iyo ba. Ko kaɗan. Mutumin da in ruwan bokiti ya wuce rabi sai ya rage kafin ya yi wanka.

A wurin aiki kowa ya sani, ba wanda ya ɗauke shi magana. Papa kan ce, "Kai dai riƙe igiya, ruwa na Mobio ne." Mobio matuƙin jirginsu ne, ɗan ƙabilar Ebriye, irin waɗanda ake yanke musu cibi a cikin lagun. Da rana sai a sayo garba, wato acceke, dambun rogo, da soyayyen kifi, a juye a faranti guda. Masu igiya tara, matuƙa, har Papa da kansa, kowa ya zura hannu, ana yi wa Maiwada dariya yana ramawa.

Bara idon Papa ya mutu, 'ya'yansa na Faransa suka ce ba sa son warin man gazuwal. Sai ya sayar da jiragen ga wani babban kamfani mai tireloli da ɗakunan ajiya. Cikin wata guda aka sake fenti, aka raba riguna masu tambari, aka kafa na'urar da sai ka ɗora mata yatsa ta yarda ka zo aiki. Cin abinci kuma aka mai da shi bi da bi, minti ashirin-ashirin. Farantin garba ya mutu ba wanda ya yi masa jana'iza.

Wata Madam ta zo daga ofishin Plateau, ta tara su ta ce, "Kada kowa ya damu, mu iyali ɗaya ne." Da yamma Maiwada ya same ni a tasha inda nake kamasho, ya ƙi zama.

"Zauna mana, Kyaftin," na ce.

"Ni ɗan dillali ne," ya ce. "Na san lokacin da ake shafa wuyan sa kafin a yanka."

Bai yi ƙarya ba. Bayan sati biyu aka liƙa takarda: duk mai aiki a cikin jirgi sai ya yi iyon mita ashirin da biyar a pisin, wato kwamin iyo, nan da sati shida. Kuma cikin masu igiya tara, shida za a bari. Gaskiya dokar ba hauka ba ce, mai aikin ruwa ya kamata ya iya ruwa. Amma ku ga abin da ta yi wa mutane. Waɗanda suka shekara ashirin suna tsokanarsa suka daina, kuma daina tsokanar ta fi tsokanar ciwo. In ya shigo, hira ta mutu. Kowa na lissafi a ransa: in Maiwada ya fita, saura biyu. Gaisuwa ta ƙanƙance ta koma ɗaga gira. Har Mobio ya daina tsayawa kusa da shi, don an fara raɗe-raɗin cewa sababbin masu gida ba sa son ganin "mutanen Papa" a dunƙule.

Maiwada ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Ƙafarsa na rawa har shayin Sailuba ke zuba daga kofi. Ranar wata Juma'a na shiga gidan na tarar da shi kwance rub da ciki a kan benci, tsakar gida, yana harba ƙafafu yana yaƙushin iska.

"Sannu da ƙetare teku!" na ce. "Ka kusa Makka?"

"Ɗan banza, ƙirga mini."

"Ƙirga me? Bencin bai motsa ba."

Sailuba tana wanke shinkafa ta ce, "Ka bar shi, don Allah. Kwana uku ke nan ko loma biyar ba ya yi." Da na dubi wuyansa na ga yadda ya rame, sai dariyar ta ɗan maƙale mini.

Ran Lahadi sai ga Mobio a Adjamé. Shekara ashirin da biyu bai taɓa taka gidan ba, sai da ya yi ta tambaya. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Yako, sannu ɗan'uwa. Ɗauko gajeren wando. A wurin aiki ban san ka ba, ka ji? Ni ma an ce matuƙa masu takarda na zuwa."

Muka shiga mota a tashar Bassam har wani ƙauyen danginsa a bakin lagun, inda ruwa iya ƙugu ne. Ni dariya ta kai ni, ba zan ɓoye ba. Maiwada ya shiga yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Mobio ya tallafe cikinsa.

"Saki jikinka!"

"Na saki!"

"Wannan wuyana ne ka riƙe, ba ka saki komai ba!"

Ranar ya sha ruwan da sai da kwale-kwalen masunta suka zauna a kan yashi. Amma Lahadi ta biyar, ga Maiwada yana tafiya a kan ruwa, irin tafiyar akuyar da ta faɗa rijiya, amma dai tafiya ce.

Ranar gwaji ba a bar dangi shiga ba, sai na hau katanga. Pisin ɗin an raba shi layi-layi da igiyoyi masu 'yan robobi. Malamin iyo ya yi bayani: wanda ya taɓa bango ko igiya kafin ƙarshe ya faɗi. Madam na gefe da allonta na hannu.

Aka busa usur. Maiwada ya faɗa kamar an jefa firji. Mita biyar. Goma. Ruwa na tashi har ya jiƙa takalmin Madam. Sha biyar. Ina kan katanga ina ihu, "Kyaftin! Sailuba na kallo!" alhali tana Adjamé. Ashirin. Sai ya shaƙi ruwa ya yi tari, kansa ya nutse ya fito, ga igiya dab da kafaɗarsa. Hannun da ya shekara ashirin da biyu yana cafke igiya bai nemi shawarar kowa ba. Caraf! Na rantse saura kaɗan ya ɗaure ta a turke.

Ya tsaya riƙe da ita yana kallon bangon, taku biyar tsakaninsu. Sauran masu igiyar duk suka sunkuyar da kai. Madam ta taɓa allonta sau ɗaya.

Ba a kore shi ba, in ji su. An sauke shi daga jirgi, an tsayar da shi a ƙofa yana duba tikiti, da kwantiragin wata shida. Mutumin da a da ba ya ma tuna yana da takardar aiki, yanzu kwanan watan da ke jikinta ya fi sanin sa da ranar haihuwar 'ya'yansa. In wata shidan ya cika za a sake gwada shi. In ya ci, ya koma igiya. In bai ci ba, ya koma gida.

Shekaranjiya na bi ta Treichville na gan shi. Jirgi ya iso, wanda aka ba igiyar ya jefa ya kuskure, ya sake ya kuskure. Kafaɗar Maiwada na zabura ita kaɗai, har ya mayar wa wata mata tikitinta bai duba ba.

Saura wata huɗu. Duk Lahadi muna tashar Bassam tun da safe. Mobio ya samo dabara: lemun tsami yake damƙa masa ɗaya a kowane hannu, don hannun ya daina neman igiya, ya ce in ya fito babu su, ya koma. Haka yake iyo yanzu, da dunƙulallen hannu, kamar mai dambe da lagun. Wancan satin Mobio ya auna da ƙafa ya ce ashirin da uku.

"Saura biyu, Kyaftin," na ce.

Ya tofar da ruwa, yana haki, ya duba lemunsa ya ga suna nan.

"Ƙafar Mobio gajera ce," ya ce. "Tashi ka auna da taka."